Takalmin da Ya Shiga Ƙarƙashin Birki

Shekarun baya, ina goyon ɗana na biyu, maigidana ya sayi motarsa ta farko. Ba sabuwa ba ce, ta sha hannu kafin ta iso gare mu, amma ni a lokacin ko matar gwamna ban ɗauka ta fi ni da komai ba. Irin mai canza giya da kanta ɗin nan ce, birki ne kawai da totur. Nakan hakimce a kujerar gaba in sauke gilashi har ƙasa, ko da kuwa iska za ta tuge mini ɗankwali, don kada a wuce da ni ta unguwarmu ba a shaida ni ba. Allah dai ya yafe mana yarinta.

Wasu daga cikinku sun sha tambayata me ya sa duk ranar da aka ɗora hoton hatsarin mota a dandalin nan sai na tsoma baki, alhali ni ko tuƙi ban iya ba. To ga dalilin. Na daɗe ban ba da labarin nan ba.

Mahaifina tsohon ma'aikacin ofishin hakimi ne a Kazaure, a nan ya yi aiki har ya yi ritaya. Mutum ne mai kirki da kyauta, amma fa a kan gaisuwa ba ya sassauta wa kowa. Ka kawo masa buhun shinkafa ka gaishe shi a tsaye, wallahi zai sa a bi ka da abinka. Mu 'ya'yansa a haka muka tashi, ba mu taɓa ɗaukar abin tsanani ba. Kullum bayan la'asar yakan fito ƙofar gida, a kafa masa kujerarsa ta katako a gindin dalbejiya, abokansa tsofaffi su zo su jeru a benci, a kunna rediyo a yi ta musun duniya har magariba. Gidanmu a bakin titi yake, a ƙarshen wani ɗan gangare. In ka karyo kwana daga sama, majalisarsu ce abin da za ka fara hangowa.

Maigidana kuwa ɗan Babura ne, gidan 'yan kasuwar hatsi, amma shi aikin gwamnati yake yi a Roni. Ban taɓa ganin namiji mai kunyarsa ba. Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa haɗa ido da mahaifina ba, ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba. Lokacin da yake hawa babur, tun daga kwanar nan yake kashe shi, ya sauka, ya tuɓe takalmi ya ɗora a kan kujerar babur, ya turo shi a ƙasa har gaban majalisa, sannan ya zube ya kwashi gaisuwa. Tsofaffin nan har gori suke yi wa surukansu da shi. Mahaifina ba ya cewa komai, amma na san ransa fari ƙal yake. Malam yake kiransa, bai taɓa kama sunansa ba.

Da mota ta zo sai lissafi ya rikice, don ita ba a sauka a tura ta. Ranar farko da ya kai ni gida a cikinta, ya ajiye ta a gefen titi, ya fito, ya rufe ƙofa, ya ɗan tako kaɗan, sannan ya tuɓe takalminsa ya ƙarasa. Aka gaisa, aka sa wa mota albarka, tsofaffi suka zagaya ta suna shafawa, kowa ya watse lafiya. Ni dai ban ga wani abin magana ba.

Ba a jima ba sai ga Gwaggo, ƙanwar mahaifina da take aure a Gwiwa, ta yi mana sallama da rana tsaka. Gwaggo ba ta iya magana a hankali ba, in tana raɗa ma maƙwabta suna ji. Ko ruwan da na kawo mata ba ta taɓa ba ta fara.

"Ke, wai me yake damun mijinki ne?"

Na ce, "Lafiyarsa ƙalau, Gwaggo. Wani abu aka ce ya yi?"

"Yayana ya ce tun da ya yi mota ya canza. Wai da takalmi ya tako masa har kusa da gindin bishiya, a gaban abokansa. To a kansa aka fara mota a garin nan? Ki gaya masa ya shiga hankalinsa, gidanmu ba a mana haka."

Ranar ba aiki, maigidana yana ɗaki, labule ne kawai tsakaninsa da mu. Ya ji komai. Da Gwaggo ta tafi na shiga na same shi zaune a bakin gado ya haɗa kai da gwiwa. Na ce ya rabu da ita, ai ya san halinta. Ya ce, "Ba maganarta ba ce, maganar Baba ce. Kuma gaskiya ya faɗa." Tuwon da na tuƙa ranar ko kallonsa bai yi ba.

Sai ya samo dabara. Duk ranar da za mu gida, da ya karyo kwanar nan, daidai inda yake kashe babur a da, sai ya sa ƙafa ɗaya ya zame takalmin ɗayar, ya sake zame ɗayan, mota tana tafiya. Kafin ya tsaya ya gama tuɓewa. Yana buɗe ƙofa, ƙafarsa ce tsirara take fara taɓa ƙasa. Abin ya burge tsofaffin nan ba kaɗan ba. Har na ji ɗayansu yana cewa, "Ka ga ɗan mutunci, tun daga cikin mota yake girmama manya." Ni kuwa kaina ya ƙara girma, na yi ta ba ƙawayena labari a gidan biki. Yayana, babban wanmu, wanda ya fi shekara nawa yana tuƙi, ya taɓa shiga motar ya ga abin da idonsa, dariya kawai ya yi ya ce, "Malam, kai kam ka fi ƙarfinmu." A cikinmu duka, babba da yaro, babu wanda ya taɓa tambayar inda takalman suke zuwa bayan an tuɓe su.

Ranar da abin ya faru daga Roni muke, mun je sunan wata ƙawata. Babbar 'yata tana gidanmu wajen Inna, mahaifiyata, jaririn ne kawai a cinyata. Muka ce bari mu biya mu ɗauke ta, mu ba Inna nata ƙullin cincin da naman suna. La'asar ta yi sanyi, titi ba cunkoso. Kuma ku sani, maigidana ba mai gudu ba ne. Tuƙinsa har haushi yake ba ni, 'yan acaba suna wuce mu suna waigowa, mai adaidaita sahu ma sai ya danna masa hon ya wuce. Ba ya amsa waya a mota. Ko goro ba ya ci, balle a ce wani abu ya sha.

Muka karyo kwana muka kama gangare. Na hango Baba a kujerarsa cikin farar riga, rediyo a cinyarsa. Na ga gwiwar maigidana tana motsi kamar kullum, na san takalmi yake zamewa, ban ko kula ba, ina gyara wa yaro hula. Sai na ji ya ce "Innalillahi" a can ƙasan maƙoshi. Na ɗago. Inda ya saba rage tafiya mun wuce shi, motar ba ta rage komai ba.

Na ce, "Birki! Taka birki mana!"

Ya ce, "Ina takawa, ya ƙi shiga!"

Maimakon ya ja birkin hannu, ko ya karkatar da ita cikin kwata, sai ya sunkuyar da kai ƙarƙashin sitiyari ya kai hannu zai ciro abin da ya tokare. Yana sunkuyawa sitiyari ya juya. Ƙafarsa kuma ta zame daga kan birkin ta danne totur. Motar ta yi wani irin kuka ta zabura.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na ga tsofaffi suna tarwatsewa, ɗaya ya faɗa kwata, ɗaya ya bar hularsa da carbinsa. Baba yana fama da ciwon gwiwa, ba ya iya miƙewa farat ɗaya. Abin da ba ya barin idona har gobe shi ne fuskarsa. Babu tsoro a cikinta. Ya gane motar, har ya ɗan ɗaga hannu, irin na wanda yake shirin amsa gaisuwa. A haka muka kwashe shi da kujerarsa muka haɗa da bangon zaure.

Goshina ya daki gaban mota, na ƙanƙame yaro a ƙirji. Sai komai ya yi tsit. Rediyon Baba yana can ƙasa a cikin ƙura, mai labarai yana ta bayaninsa. Daga nan yaro ya tsala kuka, sai unguwa ta ɗauki salati.

Kafin in iya buɗe ƙofa mutane sun yi wa motar zobe. Wasu samari suka fizgo maigidana ta wuyan riga, ɗaya ya kwaɗa masa mari, wani har ya ɗauko dutse. Abokin Baba da ya faɗa kwata ne ya taso jikinsa duk taɓo yana ihu, "Ku bari! Ku bari! Surukinsa ne!" Sai suka sake shi suna kallon juna. Aka taru aka tura motar baya da hannu. Ba zan faɗa muku abin da na gani a ƙafar Baba ta dama ba. Kalmar shahada kawai yake maimaitawa, har muryarsa ta ɗauke. Inna ta fito ba mayafi, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Wani maƙwabci ya kawo motarsa aka ɗauki Baba.

Na koma motarmu don in ɗauko zanin goyo. Ina leƙawa ta ɓangaren direba na gan shi. Takalmin fata baƙi, sau-ciki, wanda ya saya don sallah, ya shige ƙarƙashin birki ya maƙale, ya lanƙwashe saboda takawar da aka yi ta yi masa. Na tsaya ina kallonsa kamar wata taɓaɓɓiya. Abin da ya yi mana wannan aika-aika ke nan. Na waiga, maigidana yana zaune a ƙasa a tsakiyar titi, ba takalmi, ba hula, ko kuka ba ya yi. A haka 'yan sanda suka zo suka tafi da shi, har da don kada a illata shi.

A asibitin garinmu suka tsayar da jini suka ce a wuce da shi Kano. A can likitoci suka ce ƙashin ya dagargaje, babu abin da za a haɗa, in ba a cire ƙafar daga ƙasan gwiwa ba ransa ma ba za a samu ba. Yayana ne ya amince, yana kuka. Da aka shiga da Baba ɗakin aiki ya jawo ni gefe a baranda.

Ya ce, "In mun koma ki kwashe kayanki ki dawo gida. Zamanki da mutumin nan ya ƙare."

Na ce, "Yaya, wallahi ba da gangan ya yi ba."

"Na ce miki da gangan ya yi? Ko da gangan ko da kuskure, ƙafar za ta dawo ne? Gaya mini yadda za ki dafa abinci ki kai masa, ki zauna kuna hira, ubanki yana can yana rarrafe a tsakar gida. Gaya mini!"

Gaskiyar magana, ni ma a lokacin ban san ko zan iya sake kallon fuskar mijina ba. Ina sonsa, na san ba mugu ba ne, amma da na rufe ido hannun Baba nake gani a ɗage. Na tattaro 'yan kayana da na yara na koma ɗakin Inna. Daga nan nake zuwa Kano jinya, in kwana biyu in dawo, ƙanwata ta karɓe ni.

Gari kuwa ya ɗauka. Kai, mutane! Wasu suka ce ƙwaya yake sha a ɓoye. Wasu suka ce haushin saƙon Gwaggo ne ya riƙe a ransa ya rama. Wasu suka ce jifa aka yi wa Baba aka biyo ta hannunsa, wasu suka ce motar ce mai aljanu, ai shi ya sa mai ita na farko ya rabu da ita. Gwaggo ce kan gaba wajen cewa dama ita tun farko ba ta yarda da shiru-shirunsa ba. Ni na san abin da na gani a ƙarƙashin birki, amma Inna kaɗai na iya faɗa wa, ita ma ta dafe kai ta ce in yi shiru tukuna. Danginsa suka taso daga Babura don jaje, dattawa da furfurarsu, Yaya ya bar su a zaure ko tabarma bai sa an shimfiɗa musu ba. Wannan abu ya yi mini ciwo ƙwarai, amma ba ni da bakin magana.

Abokan Baba ne suka je suka yi bayani aka saki maigidana. Tun daga ranar kullum sai ya hau motar haya ya zo Kano. Ba ya shigowa. A gindin wata bishiya a harabar asibitin yake zama tun safe har yamma, sannan ya koma. Ta taga nake hango shi. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Sau da dama na yi niyyar sauka in kai masa ko ruwa ne, sai in fasa.

Baba ya farfaɗo, amma ya daɗe ba ya magana sai abin da ya zama dole. Yakan kafa wa gurbin ƙafar ido ta saman mayafi, ya jima, sannan ya juya kai bango. Wata rana da yamma muna zaune, ni da Yaya da Gwaggo, sai ya buɗe baki.

"Ina Malam?"

Yaya ya ce, "Baba, ka bar maganar wannan, ka ji da jikinka."

"Ba kai na tambaya ba." Ya juyo gare ni.

Na ce, "Yana waje, Baba. Kullum yana waje."

"Ke kuma in kin koma Kazaure a ina kike kwana?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ɗakin Inna."

"Wa ya yanke haka?"

Yaya ya ce, "Ni ne, Baba."

Baba ya dube shi, sannan ya ce mini in je in kira Malam. Na sauka. Wannan ne karon farko da na tsaya a gaban mijina tun ranar. Na ce, "Baba yana kira." Sai da ya dafa bishiya sannan ya iya miƙewa. Muka hau tare. A bakin ƙofar ɗakin ya sunkuya zai tuɓe takalmi, Baba ya ɗaga murya daga kan gado, "Bar su a ƙafarka. Shigo."

Ya shiga ya zube a ƙasa nesa da gadon, goshinsa kamar zai taɓa siminti. Baba ya ce, "Malam, na san tuƙinka. Me ya faru?"

Ya ce, "Laifina ne, Baba. Duk hukuncin da aka yi mini daidai ne."

"Ban tambaye ka laifin wa ba. Na ce me ya faru?"

Ya kasa. Ni ce na yi ta maza na faɗa, tun daga zuwan Gwaggo, da dabarar da ya samo, har abin da na gani a ƙarƙashin birki. Na saci kallon Yaya, na ga fuskarsa ta canza, don ya tuna ya taɓa gani ya yi dariya. Gwaggo ta fara cewa, "To ai ni ban ce ya..." Baba ya ɗaga mata hannu.

Ya ce, "Ke aikenki aka yi. Ni na aike ki." "Yaro yana riƙe da mota, da matarsa da ɗansa a ciki, ni ina gindin bishiya ina duba ko da takalmi zai sauko. Kuma da ya fara saukowa ba takalmi daɗi na ji. Ban taɓa cewa yaushe ya tuɓe ba."

Wallahi tun da nake ban taɓa jin mahaifina ya ɗora wa kansa laifi a gaban 'ya'yansa ba, balle a gaban suruki. Sai ya juya wajen Yaya.

"Likita ya yanke wadda ta lalace, na haƙura, haka Allah ya rubuta. Wannan da kake shirin yankewa lafiyarta ƙalau. Yau ɗin nan yarinyar nan ta koma ɗakinta."

A nan maigidana ya fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa zaton babban mutum yana yi ba. Ni ma na taya shi. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Yaya kuwa ya miƙe ya fita.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya koma daidai. Na koma ɗakina, amma mun daɗe muna zaune kamar baƙin juna. Ya daina dariya. An gyara motar, ya ƙi zuwa ɗauko ta daga wajen bakanike, ya koma hawa motar haya zuwa Roni. Ranar da za a sallami Baba, Yaya ya shirya zai ɗauko shi, sai Baba ya ce shi Malam ne zai kai shi gida, kuma a waccan motar. Aka yi juyin duniya ya ƙi sauya magana. Haka maigidana ya je ya ɗauko ta. Baba ya zauna a gaba, ni ina baya. Tafiyar Kano zuwa Kazaure ranar ta yi mini tsawo kamar ba za mu iso ba. Da muka karyo kwanar gidanmu na runtse ido, ban buɗe ba sai da na ji mota ta tsaya. A ƙofar zaure akwai matakala, keken guragu ba ya hawa. Kafin a yi shawara Baba ya ce, "Malam, juyo." Mutumin da bai taɓa haɗa ido da shi ba, shi ya goya shi a baya har ɗakinsa.

In ana lissafa abin da yake jawo hatsari a cikin gari, kowa gudu yake ambata, da waya, da shaye-shaye, da birkin da ba a gyara ba, da yaran da ake ba mota ba su ƙware ba. Duk gaskiya ne, ban musa ba. Amma mu babu ko ɗaya daga ciki da ya same mu. Ladabi ne ya yi mana, a tafiyar da mai keke ma zai iya wuce mu. Tun daga lokacin idona ya buɗe, kuma abin da nake gani a titunanmu yana tayar mini da hankali. Direba ya saki sitiyari da hannu biyu yana jinjina wa wani babba. Wani ya taka birki a tsakiyar titi ba sigina don ya hango kawunsa, na bayansa ya san ta kansa. Wani ya wuce majalisa amma wuyansa yana can baya yana "ina wuni, ina gajiya" mota tana tafiya. Ga gorar ruwa tana gangare a ƙarƙashin ƙafar direba, ga mata masu tuƙi suna zame dogon takalmi su bar shi a wajen. Duk wanda na shiga motarsa sai na leƙa wajen ƙafarsa kafin a tashi, har ƙannena suna tsokanata wai jami'ar kiyaye haɗura. Su yi ta yi. Ni 'yar gidan gaisuwa ce, kuma 'ya'yana har ƙasa suke durƙusawa manya. Abin da nake cewa kawai, a tsaya tukuna, a kashe mota, sannan a yi ladabin.

Baba ya rayu shekaru bayan haka. An yi masa ƙafar roba, ya koma majalisarsa da sandarsa, sai dai an mayar da ita cikin zaure. Duk Juma'a maigidana ne yake kai shi masallaci. Yaya ne dai bai sauko ba. Ba ya faɗa, ba ya zagi, amma in maigidana ya gaishe shi "lafiya" kawai yake cewa ya kau da kai. In ana taron gida ba ya zama inda yake. Wannan abu ya daɗe yana cin raina, har na fidda rai zai taɓa gyaruwa.

Wani ciwo ne daban ya yi ajalin Baba. Ranar, bayan an gama shirya shi, mu mata muna tsaye a bayan ƙofar zaure ta ciki muna leƙe, aka kawo makara za a fita da shi. Yaya ya kama gaba, ƙannena maza suka kama sauran. Maigidana yana can ƙarshen zaure, ya raɓe jikin bango, bai ko yi yunƙurin matsowa ba. Har an sunkuya za a ɗaga, sai Yaya ya dakata. Ya waiga yana duba fuskokin mutane har ya gano shi. Ya ɗan matsa gefe ya ce, "Malam, zo ka kama nan. Kai ma babanka ne."

Ya zo ya kama, suka fita da shi tare.